Shirin Shekara na Marubucin Labarin Bincike: Tsokaci Daga Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan, da zarar watan Disamba ya doshi ƙarewa, a ji marubutan ƙagaggun labarai na Hausa suna shelanta wa masu karatu abin da suka ƙudurta yi a shekara mai kamawa. Wannan ya ce littattafai huɗu zai fitar, waccan ta ce shida, wani ma har ya jero sunayen littattafan da ko shafinsu na farko bai hau takarda ba. Ƙulla niyya ba aibi ba ne, domin ko noma sai an yi sharar gona kafin ruwa ya sauka. Abin dubawa shi ne ma'aunin da ake auna shekarar da shi, wato yawan littattafai. Wannan ma'auni yana iya yi wa mai labarin soyayya ko na zaman kishi amfani, tun da irin waɗannan labarai sukan ja kansu da kansu, yau a ɓata gobe a shirya, har ranar da marubuci ya ga dama ya ɗaura aure ya rufe littafi. Amma akwai wani nau'in labari da wannan ma'auni yake kashewa tun yana cikin ƙwai, shi ne labarin bincike.

Abin da ake nufi da labarin bincike a nan shi ne ƙagaggen labarin da aka gina a kan wani laifi da aka aikata a ɓoye, kisa ne ko sata ko zamba, sannan wani mai kaifin hankali ya bi sawu, ya tattara alamomi, ya auna maganganun shaidu, har ya gano mai laifin ta hanyar hujja. Ya sha bamban da labarin 'yan fashi da harbe-harbe, inda mai karatu ya san mugu tun daga farko, abin da yake jira kurum shi ne ranar da dubunsa za ta cika. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, marubucin irin wannan labari da yake zaune a garuruwa kamar Ikara da Maƙarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, ya fi masa alheri ya yi wa shekara alkawarin littafi guda ɗaya tak, wanda ya san ƙarshensa kafin ya rubuta farkonsa, wanda kuma ya tsiro daga ƙasar da yake takawa. An kawo batun gaban ɗalibai masu koyon aikin malanta ne saboda daga cikinsu ake sa ran marubutan yankin za su fito, kamar yadda Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke malaman aji lokacin da suka shiga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933.

Labarin da Ake Ginawa Daga Ƙarshe

Masana adabi sukan danganta asalin wannan nau'i ga wani gajeren labari da Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, ya wallafa a 1841. Daga baya Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, sai kuma Agatha Christie ta Ingila, wadda ta fara a 1920 ta kuma bar littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya lura da wani abu game da ginin waɗannan littattafai wanda ya kamata kowane mai niyyar rubutu ya riƙe. A cewarsa, kowane ɗayansu labarai biyu ne a haɗe: akwai labarin yadda aka aikata laifin, wanda ya riga ya ƙare kafin a buɗe littafi, akwai kuma labarin yadda aka tono shi, wanda shi ne mai karatu yake bi shafi bayan shafi. Na biyun ba ya tsayuwa sai na farkon ya kammala a kan marubuci. Ke nan dole ne ya san wanda ya yi, da dalilinsa, da ƙofar da ya bi, da lokacin da ya shiga, da kuskuren da ya tafka, tun kafin ya zaɓi jimlar da zai buɗe babin farko da ita.

Wannan ne ya sa manyan marubutan fagen suka kasance mutanen kundi. Bayan rasuwar Christie an samu littattafan rubutunta guda 73, cike da jerin waɗanda za a zarga da dalilan kowannensu, wani wuri ta soke mai laifin da ta fara zaɓa ta ɗora wani. Haka kuma a 1929 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na wannan sana'a. Wasu daga cikinsu sun tsufa, wasu kuwa har gobe suna aiki, musamman guda huɗu: a nuna mai laifi tun a farkon littafi, kada a warware ƙulli da abin da ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam, kada katari ya yi wa mai bincike aikinsa, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu ita. Dunƙulallen abin da suke nufi shi ne yi wa mai karatu adalci. Labarin bincike wasan ƙwaƙwalwa ne tsakanin mutum biyu, kamar dara. Wanda ya ɓoye ɗa a aljihu ya ci, amma ba za a sake zama da shi ba.

A nan ne yanayin wallafa littattafan Hausa yake cin karo da wannan nau'i. Tun daga shekarun 1980 da 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, an saba da fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya ya biya kuɗin ɗab'in na biyu, sau da yawa kuma ba a rubuta na ukun ba sai an ga yadda kasuwar na farko ta kaya. Da harkar ta koma wayar hannu, ta kafar WhatsApp da Facebook da makamantansu, sai tazarar ta ƙara matsewa: marubuciya ta rubuta shafuka da dare, ta saki da safe, masu karatu suna ta aiko da saƙon a ƙaro. Mai labarin bincike da ya bi wannan hanya zai kai babi na ashirin ya tarar cewa alamar da yake buƙata ya kamata a ce ya binne ta a babi na biyu, wanda ya riga ya fita hannunsa wata uku da suka wuce. Daga nan sai neman mafita ta ko'ina. Sai a ga uwar mamaci ta yi mafarki an nuna mata fuskar makashi, ko a je wurin mai duba ya buga ƙasa, ko kuwa, wanda ya fi yawa, mai laifi ya yi hatsarin mota ya tona wa kansa asiri a gadon asibiti. Duk wanda ya saba karatun littattafanmu na zamani ya san wannan gadon asibiti. Ya karɓi baƙuncin azzalumai fiye da kowace kotu.

Ɗalibin kwalejin ilimi bai kamata wannan tsari na somawa daga ƙarshe ya zame masa baƙo ba. A shirin darasi, manufa ake fara rubutawa, wato abin da yaro zai iya yi idan an tashi, sannan a tsara matakan da za su kai shi can. Malamin da ya shiga aji bai san inda darasinsa zai tuƙe ba, surutu zai yi har a kaɗa ƙararrawa.

Giɓin da Yake Jiran Mai Cikewa

Adabin Hausa bai rasa labaran laifi ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin ramuwar gayya ne, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi yaron da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓata-gari a birni. Gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu a 1982. Daɗin daɗawa, kasuwar Kano ta samu marubutan da suka sha karatun James Hadley Chase har tasirinsa ya fito a alƙalaminsu. To amma a kusan dukan waɗannan, mai karatu yana tafe ne tare da mai laifi, yana kallon abin da yake aikatawa. Da wuya a kama sunan wani tauraro mai bincike guda ɗaya da ya zauna a bakin Hausawa, yadda za a ga yaro mai yawan tambaya a laƙaba masa sunansa.

Maƙwabta sun riga mu a nan. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya wallafa Mzimu wa Watu wa Kale a 1960 da harshen Suwahili, ya ƙirƙiro mai bincike Bwana Msa, ya kuma ci gaba da shi a littattafai da dama, cikin al'ummar Musulmi mai kama da ta Hausawa ta fuskoki masu yawa. Yarabawa suna da Lapade na Oladejo Okediji tun daga 1969, suna kuma da Akin Olusina na Kola Akinlade. Saboda haka zancen cewa harsunan Afirka ba za su ɗauki wannan nau'i ba ya daɗe da faɗuwa.

Akwai masu ganin cewa bin diddigi da hujjar hankali ɗabi'ar Turawa ce da za a yafa wa Bahaushe ta yi masa yawa. Wannan magana ba ta da tushe. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya wuce ta Suratu Yusuf, inda aka rarrabe mai gaskiya da mai ƙarya ta hanyar duba wajen da riga ta yage, ta gaba ko ta baya. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi dogon bayani a kan hukunci da alamomin da suke kewaye da al'amari, kamar yadda Ibn Farhun ya yi a Tabsiratul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka sani. Tarihin Musulunci yana tunawa da Alƙali Iyas ɗan Mu'awiya na Basra saboda gano gaskiya daga ɗan abin da ya suɓuce wa mai ƙara a baki. A gida kuma, akwai maharbi da makiyayi waɗanda za su dubi sawu a ƙasa su faɗi ko saniyar tana ɗingishi, ko mai korar ta gudu yake ko tafiya. Kayan aikin suna nan birjik, mai haɗa su ne ya yi ƙaranci.

Ƙasar Rake da Tumatir

Kuskuren da ya fi kama sabon marubucin ƙauye shi ne raina garinsu. Zai zauna a Hunƙuyi ko Gubuci ko Paki, amma labarinsa yana Abuja ko Dubai, cikin gidajen da bai taɓa shiga ba, da bindigogin da a fim kaɗai ya gan su. Labarin bincike kuwa da ƙananan abubuwa yake rayuwa, ƙananan abubuwa kuma sai wanda ya zauna da su yake sanin su. Yankin da ake magana a kai yana da abin da ya ishi marubuci shekara goma. Maƙarfi da Kudan sun yi suna a noman rake da dafa mazarƙwaila. Ikara ta shahara da tumatir, har aka kafa mata masana'antar sarrafa shi a farkon shekarun 1980, wadda ta yi ta faɗuwa tana tashi. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Tashar Yari, ga kasuwannin mako da suke tara baƙi daga nesa, ga kuma iyakar Jihar Kano a kusa, yadda mai laifi zai iya karya kumallo a hurumin wata rundunar 'yan sanda ya ci abincin rana a hurumin wata.

Alal misali, a ɗauka marubuci ya zaɓi watan Fabrairu na 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi. Wani manomi ya sayar wa dillali gonar rakensa a tsaye, aka biya shi da sababbin takardu a gaban shaidu, ya kai kuɗin turakarsa. Gari ya waye babu su, ba a kuma fasa ƙofa ba. Waɗanda ido zai fara faɗawa kansu a bayyane suke: ɗan ƙodagon da yake sarar raken, wanda aka ga hannuwansa duk karce, da ƙanen amaryar gidan mai sana'ar acaɓa, da shi kansa dillalin. A kundinsa, marubuci ya riga ya san cewa aminin manomin ne, wanda aka kira ya shaida ciniki, wanda bashin taki ya sha masa kai bayan da tumatir ya faɗi warwas a kasuwa. Aikin da ya rage shi ne binne alamomi a fili. Karcen da yake hannun ɗan ƙodago na ganyen rake ne, kowa a yankin ya san kaifinsa, ba na haura danga ba ne. Aminin ya ce yini ya yi a kasuwar Ikara bai dawo ba sai bayan lisha, amma an ambata tun a babi na uku, cikin zancen da ba a ba shi muhimmanci ba, cewa yaronsa yana kankare baƙar laka daga tayar babur. A tsakiyar hunturu, lokacin da kowace hanya ƙura ce, ina babur zai samo ɗanyar laka in ba a fadamar da ake ban-ruwa ba, wadda ta bi ta bayan gidan manomin? Sai kuma mai shagon taki ya faɗa, yana yabo, cewa mutumin kirki ne, ya biya shi da sababbin kuɗi a makon da ko banki babu su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da marubucin da yake zaune a Landan ko Legas zai iya ƙirƙirowa. Haka batun lokaci yake. Shaidar ƙauye ba ta cewa ƙarfe huɗu da minti goma. Cewa take yi bayan la'asar, ko ana kiran magariba, ko lokacin da 'yan makarantar allo suka kunna wuta. Tazarar da take tsakanin la'asar sakaliya da almuru fili ne da mai ƙarya zai iya ɓuya a ciki, kuma fili ne da mai bincike zai iya kama shi, muddin marubuci ya auna da kansa minti nawa babur yake yi daga wannan gari zuwa wancan.

Sai zaɓen mai binciken. Hankali yakan tafi kai tsaye ga ɗan sandan ciki, amma a ƙasar Hausa akwai ƙofofin da kakinsa ba ya buɗewa. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga" dillaliya tana shigarsa da ƙullin atamfa a ka, ta fito da labarin abin da aka sayar a ɓoye da wadda ta sayar. Ungozoma da wanzami da malamin asibiti, a yankin da Maƙarfi ta daɗe tana horar da ma'aikatan lafiya, duk sun san abin da jiki yake faɗa. Idan labarin na kisa ne, marubuci ya tuna cewa Musulmi ba sa jinkirta jana'iza, saboda haka binciken gawa irin na littattafan Turawa ba kasafai yake samuwa ba. Mai wankan gawa shi ne mutum na ƙarshe da ya ga tabon da yake wuya, kuma al'ada da addini sun hore shi da rufa asiri. Wannan kaɗai ƙulli ne da ya isa ya riƙe littafi. Dole kuma ya san matakan da ƙara take bi, daga mai unguwa da dagaci da 'yan sintiri zuwa ofishin 'yan sanda, ya san cewa babban laifi irin kisa ana miƙa shi sashen binciken manyan laifuka na jiha a Kaduna, kuma Babbar Kotu ce take yanke hukuncinsa. Yini biyu a bencin 'yan kallo na kotun majistare ya fi masa fim hamsin amfani.

Hattara ɗaya ta wajaba. Waɗannan garuruwa ƙanana ne, kowa ya san kowa. Marubucin da ya ɗauko wata sata ko kisa da ya faru da gaske, ya sauya sunaye sama-sama, ya ɗora laifin a kan wanda jama'a suke zargi, ya yi ƙazafi da alƙalami, ko da kuwa ya rubuta a bangon littafi cewa ƙage ne. Ya ari ƙasa da sana'a da yanayi, ya bar mutane da mutuncinsu.

Me Ya Kai Malami Cikin Wannan?

Wasu iyaye da malamai sukan ce irin waɗannan littattafai koya wa yara dabarun sata suke yi. Tsoron yana da dalili idan ana maganar littafin da ya mai da ɗan fashi gwarzo. Labarin bincike na gaskiya kuwa darasinsa ɗaya ne, yana kuma maimaita shi a kowane littafi ba tare da wa'azi ba: wanda aka fara nunawa da yatsa sau da yawa ba shi ne ba. Ana iya tambaya ko akwai darasin da al'ummar arewacin Nijeriya ta fi buƙata a yau. An sha ganin yadda ihun "ɓarawo" a kasuwa ko tasha yake ƙarewa da ran mutum kafin a tambaye shi sunansa. Matsalar satar shanu da garkuwa da mutane da ta addabi sassan Jihar Kaduna ta sa zargi ya zama na jimla, a ga baƙo ko makiyayi a yanke masa hukunci da kamanninsa. Marubucin da zai sa mai karatu ya yi shafi ɗari yana tsanar ɗan ƙodago, sannan ya nuna masa da hujja cewa ya zalunce shi a zuci, ya yi aikin da laccar awa uku ba za ta yi ba. In kuwa ya bi son ran jama'a, ya mai da baƙo ko talaka ko ɗan wata ƙabila mai laifi saboda haka ake zato, to ya ɓata sana'ar ya kuma ƙara wa wuta makamashi.

Abin ya shafi aji kai tsaye. Babu malamin da zai shekara bai gamu da ƙarar ɓatan biro ko kuɗin tara ko wayar hannu ba. Akwai mai zane aji gaba ɗaya, akwai mai kama yaron da rigarsa ta fi yagewa, akwai kuma wanda zai tambayi wa ya fita, yaushe, wa ya gan shi. Yara suna kallo, kuma daga nan suke koyon yadda ake yanke hukunci.

Masu cewa kasuwa soyayya take so, su ma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a auna kasuwar abin da ba a kai mata ba.

Wace Sabuwar Shekarar?

Malamin makaranta a Kudan ko Ikara ba shekara ɗaya yake rayuwa a ciki ba. Akwai ta Janairu wadda albashi yake bi. Akwai ta Muharram, wadda take matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, tana jawo azumi da sallah tare da ita; a 2025 azumi ya kama a farkon Maris. Akwai ta makaranta mai somawa a Satumba, mai zango uku, kowanne da makonnin jarrabawa da cike sakamako. Akwai kuma ta manomi, wadda ruwan sama yake buɗewa, kuma kusan kowane malami a yankin manomi ne. Dogon hutun da ɗan birni yake ɗauka lokacin rubutu ne, a nan ya faɗo tsakiyar damina, lokacin noma da zuba taki. Jadawalin da aka kwafo daga marubucin wata ƙasa, wanda bai san da waɗannan ba, ba zai kai Maris da rai ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba aikin gwargwadon nauyin lokaci. Watannin hunturu, lokacin da ake saran rake, ana dafa mazarƙwaila, kasuwanni sun cika, su ne na yawo da kundi a aljihu: a zauna da masu sana'a, a auna hanyoyi, a leƙa kotu, a rubuta labarin laifin shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe a shafi biyar ko shida waɗanda ba wanda zai gani. Kada a taɓa babi na ɗaya sai an zana jadawalin inda kowane ɗan wasa yake a daren da abin ya faru. Watan azumi a bar shi ga karatu da gyaran wannan jadawali. Bayan haka sai rubutu, kaɗan-kaɗan amma kullum. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne, ya kuma riƙa rubutu da asuba kafin ya tafi aiki, yana ƙirga kalma 250 a kowane rubu'in awa. Ba a nemi malamin firamare ya yi haka ba. Kalma 400 a rana, wato kimanin shafi biyu na littafin rubutun 'yan makaranta, kwana biyar a mako, cikin mako 25, sun ba da kalma 50,000, kuma wannan cikakken littafi ne. Wanda yake ganin shekara ta yi kaɗan ya tuna cewa a cikin watanni kimanin shida na 1936 Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, ko da yake shi an ɗauke masa aikin aji a lokacin, gatan da malamin yau ba zai samu ba.

Lokacin kaka, idan amfanin gona ya shigo gida hankali ya kwanta, shi ne na gyara, kuma gyaran labarin bincike ya wuce na ƙa'idojin rubutu. Komawa ake yi baya a bi kowace alama, a tabbata tana nan a inda ya kamata, ba ta yi ƙara da yawa ba, ba ta kuma ɓace ba. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. A cire babin ƙarshe, a ba mutum biyar masu bambancin shekaru da sana'a sauran littafin, a ce kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi da dalilinsa a 'yar takarda. Idan duka biyar suka gano shi, ƙullin ya yi sako-sako, sai a ƙara masu ɗauke hankali. Idan babu wanda ya gano, kuma da aka ba su babin ƙarshe suka ce ai ba a nuna musu komai ba, to an yi musu rowar hujja, sai a koma a ƙara. Abin da ake nema shi ne ɗaya ya gano, huɗu su kuskure, sannan waɗannan huɗun su buɗe babi na uku da kansu su ga yaron nan yana kankare laka daga tayar babur.